Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin rajistar ma'aikatan haƙori da masu aikin gyaran fuska

Zuwa ga shugabannin hukumomin da ke yi wa ma'aikatan lafiyar baki rajista, da masu ba wuraren gyaran fuska da jiki lasisi, da shugabannin makarantun da ke horar da mu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya.

Ni mai ƙera haƙora ne. Ba likita ba ne ni, kuma ban taɓa yarda a kira ni likita ba. Likitan haƙori shi ke duba mara lafiya, ya ɗauki awon bakinsa, ya rubuto abin da yake so. Ni kuma in zauna a bencina da kaki da filasta da ƙarfe da tangaran, in ƙera hular da za a kifa wa haƙorin da ya karye, ko gadar da za ta cike giɓi, ko cikakken jerin haƙoran roba na dattijon da bakinsa ya zama wayam. Yawancin masu tauna da aikin hannuna ba su taɓa ganin fuskata ba, ni ma ban san tasu ba. Bakinsu kawai na sani, shi kuwa na san shi ciki da bai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani awon baki ne da ya iso bencina kwanakin baya. Wani likita da nake yi wa aiki ne ya aiko shi. Na dama filasta na zuba, na bari ta kama, na ɓare robar awon a hankali kamar yadda na saba. Da na juya shi cikin haske sai na ajiye, na daɗe ban ce komai ba. Haƙoran gaba guda shida na sama duk an fere su, sun koma kamar guntayen alli, wani ya karkata hagu, wani dama, babu biyu da suka yi tsayi ɗaya. A gefen dasashi filastar ta fito da kumburi, tudu-tudu. Takardar da ta biyo awon ta ce mai bakin budurwa ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai. Na kira likitan na tambaye shi ko hatsarin mota ta yi. Ya ce a'a, haƙoranta lafiyarsu ƙalau, fari kawai take so su ƙara. Wani ne da ya yi kwas na kwana biyu ya goge mata su da inji, ya liƙa mata fararen haƙora a jere, manne da juna, ba ko 'yar kafar da zaren sakace zai ratsa. Datti ya taru a ƙarƙashi, dasashi ya kumbura yana jini, baki ya soma wari, jijiyar haƙora biyu ta mutu. Da ta koma wurin mai aikin, lambarsa ba ta shiga.

Ku da kuka karanci wannan fanni kun san abin da zan faɗa, amma wasiƙar buɗaɗɗiya ce, bari waɗanda ba su sani ba su ji. Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, kuma ba ya tofowa. Fata takan warke, ƙashi yakan haɗe, farce da gashi su sake fitowa. Shi kuwa ɓawon haƙori, abin da inji ya cinye ya tafi ke nan har abada. A inda ya fi kauri bai wuce milimita biyu da rabi ba, a wuyan haƙori kuwa siriri ne ƙwarai. Likitan da ya san aikinsa, in zai liƙa siririn ɓawon tangaran ɗin nan na ado, abin da yake gogewa yawanci bai kai milimita ɗaya ba, kuma sai ya tabbatar dasashi lafiya yake, babu ruɓa a ɓoye, cizon mutum ba zai fasa aikin ba. Wannan yarinya yanzu za ta rayu da huluna a haƙoranta shida, ana sake mata su lokaci bayan lokaci har ƙarshen ranta. Na ƙera mata su da iyakar iyawata. Sai dai duk ƙwarewar hannu ba ta kai abin da Allah ya halitta mata ba, ita ma ta sani.

Na san abin da za ku ce: doka ta hana, a kama shi. To a kama shi, ba ni da ja. Amma ina roƙon ku saurari labari na biyu, domin shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan.

Akwai wani yaro da ya zauna da ni shekara huɗu. Da shara da wanke kwanonin filasta ya fara. Wata rana na dawo na tarar ya ɗauki guntun kakin da na yar, ya sassaƙa turmin haƙori da 'yar wuƙa, da tuddansa da kwarinsa, har da 'yan layukan da ke ratsa tsakiya, ba wanda ya koya masa. A cikin shekarun nan ya iya jera haƙoran roba, ya iya lanƙwasa waya, ya soma gane launi, wanda shi ne mafi wuya a sana'ar nan, domin haƙori ba fari fat ba ne, wuyansa yakan ja rawaya-rawaya, bakinsa kuma haske na ratsa shi. Ya nemi shiga makaranta don ya sami takardar da za ta ba shi damar rajista. Aka ce gurbi kaɗan ne. Shekara ta zagayo ya sake nema, aka ce dole ya bar aiki ya zauna aji safe da yamma na tsawon shekaru, alhali da wannan aikin yake ci da kansa da ƙannensa. Ya tambaya ko shekaru huɗun da ya yi a benci za a ƙirga masa wani abu daga ciki. Aka ce babu wannan tsarin. Bayan 'yan watanni ya yi min sallama. Daga baya na ga hotonsa a intanet, sanye da farar riga, riƙe da satifiket mai zanen zinare, yana tallar gyaran murmushi. Ba shi ne ya ɓata bakin yarinyar can ba, amma hanyar da wancan ya bi ita ya bi.

Har yau ina jin ciwon abin. Ba mugu ba ne yaron nan, hannunsa ya fi nawa lokacin da nake shekarunsa. Ya ƙwanƙwasa ƙofarku sau biyu ba a buɗe ba, ga wata ƙofar a wangale a wayarsa, kwana biyu kacal, ba jarrabawa, ba tambaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu sayar da kwas ɗin kwana biyu ba su tsaga bangon ba, samunsa suka yi a tsage.

Saboda haka roƙona na farko, kuma mafi girma, shi ne ku gina tsani. Ba ina nufin ku sassauta jarrabawa ba. Ku tsaurara ta ma in kun so. Abin da nake nema shi ne hanyoyin isa gare ta su yawaita. A Jamus mai koyon ƙera haƙora yakan yi shekara uku da rabi, yana aiki a ɗakin ƙira ana biyansa ɗan abin hannu, yana kuma zuwa makarantar sana'a, sannan ya zauna jarrabawa. In ya ƙware yana so ya riƙe nasa wurin ya horar da wasu, akwai matakin gwani da zai hau. Ba sai ya zaɓi tsakanin karatu da abin sakawa a baki ba. A Birtaniya tun 2008 ya zama tilas duk mai ƙera haƙora ya yi rajista da hukumar kula da aikin haƙori ta ƙasar, wato GDC, kuma a saman wannan akwai wani matakin: wanda ya ƙara karatun duba mara lafiya yana iya karɓar mutumin da ba shi da haƙori ko ɗaya a baki, ya ɗauki awonsa da kansa, ya yi masa haƙoran roba kai tsaye. A jihar Oregon ta Amurka, jama'a ne da kansu suka jefa ƙuri'a a 1978 suka amince a ba irin waɗannan ƙwararru lasisi. A yawancin jihohin Amurka kuwa takardar shaidar ƙwarewa ta mai ƙera haƙora ganin dama ce, ba tilas ba. Kowace ƙasa da yadda ta ɗauki abin, kuma ban ce a kwafo na wani a manna ba. Abin da na gani shi ne, inda aka yi wa yaro matakala yakan hau ta. Inda aka ce ko ka yi tsalle ɗaya ka kai sama ko ka zauna a ƙasa, sai ya zagaya ta baya.

Ku ba da damar karatun yamma da na ƙarshen mako. Ku yarda da koyo a ɗakin ƙira mai rajista, ƙarƙashin wanda kuka tantance, da littafin da za a riƙa rubuta aikin da yaro ya yi ana sa hannu. Wanda ya shekara goma yana wannan aiki ba takarda, kada ku ce masa ya koma farko kamar wanda bai taɓa riƙe wuƙar kaki ba. Ku zaunar da shi, ku ba shi awo da kaki da lokaci, ku ga abin da hannunsa zai yi, sannan ku koya masa abin da ya rasa. Abin da irinsu suka fi rasawa ba hannu ba ne, ilimin jiki ne da na ƙwayoyin cuta. Bai san cewa ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya kwana bakwai a raye a kan busasshen jini ba. Bai san cewa tsoma kayan aiki cikin ruwan zafi ba ya maye gurbin tukunyar tururi mai kaiwa digiri 121 ko 134 ba. Bai san cewa gyambon baki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba yana iya zama sankara, ba gogar haƙorin roba ba. Waɗannan ana koyar da su cikin watanni, kuma su ne ke ceton rai.

Ga shugabannin makarantu kuma ina da magana. Sana'ar ta sauya a hannunmu. Tun 1985 aka fara sassaƙa cikon haƙori da kwamfuta a Jami'ar Zurich, yau kuwa likita yakan zagaya bakin mutum da 'yar na'urar ɗaukar hoto, awon ya iso min a allo ba tare da roba ko filasta ba. In zana hular a kwamfuta, inji ya sassaƙa ta daga dunƙulen zikoniya, wani farin tangaran mai tauri, a gasa ta a zafin da ya kai wajen digiri 1,500, ta tsuke da kusan kashi ɗaya cikin biyar ta koma daidai girman da ake so. Ɗalibin da ya gama makaranta bai taɓa ganin wannan ba, an cuce shi. Amma wanda aka koya wa danna kwamfuta kawai, bai taɓa sassaƙa haƙori da hannunsa ba, shi ma an cuce shi, domin ba zai gane ba in injin ya yi kuskure. Ina kuma roƙon a koya musu kare kansu. Mu masu wannan aiki muna shaƙar ƙurar ƙarfen kobal da kuromiyam, da ƙurar yashin da ake fesa wa aiki, da tururin ruwan robar da ake dama haƙoran roba da shi. An daɗe da sanin cewa ciwon huhun da ƙura ke jawowa yana kama masu ƙera haƙora. Duk wanda zai ba ɗakin ƙira lasisi, ya duba injin zuƙe ƙura kafin ya duba satifiket ɗin da ke bango.

Roƙona na biyu ya shafi iyaka. Dokokinmu da yawa suna tsare suna ne, ba aiki ba. An hana mutum kiran kansa likitan haƙori, to sai ya kira kansa mai tsara murmushi, ko ƙwararren farin haƙori, ko gwanin kwalliyar baki, ya ci gaba da yin abin da likita ke yi. Sunaye ba sa ƙarewa, kullum za a ƙirƙiro sabo. Abin da ya kamata a rubuta shi ne aikin kansa: duk wanda zai goge haƙori, ko ya liƙa wani abu na dindindin a kansa, ko ya matsar da shi da waya ko roba, ko ya huda fata da allura ya zuba wani abu a ƙarƙashinta, to ga horon da ake bukata gare shi, ko da wane suna ya kira kansa. Babbar kotun Ingila ta yi irin wannan a 2013, da ta yanke cewa faranta haƙori aikin likitancin haƙori ne, ko a shagon kwalliya aka yi shi. Tarayyar Turai kuma ta bi ta kan ƙarfin maganin: abin da sinadarinsa mai faranta haƙori, wato faroksaid, bai wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba kowa na iya saye, daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori, shi zai fara amfani da shi, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ma a 2024 sai da ta fito ta gargaɗi jama'a kan masu liƙa ɓawon ado ba tare da lasisi ba. Matsalar ba ta wata ƙasa ɗaya ba ce, duk inda waya ta kai ta kai.

A nan dole in faɗi wata gaskiya da ba za ta yi wa wasu abokan aikina daɗi ba, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Ba duk dokar da aka ce an yi don kare jama'a ce ke kare jama'a ba. Wata kasuwar masu lasisi take karewa. A 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci kan hukumar likitocin haƙori ta jihar North Carolina, wadda shida daga cikin mambobinta takwas likitoci ne masu cin abinci da sana'ar, kuma ta riƙa aika wa masu faranta haƙori da ba likitoci ba takardun su daina. Kotun ta ce hukumar da 'yan kasuwar suka mamaye ba za ta fake da sunan gwamnati ta kori abokan gasa ba, sai in gwamnatin na sa mata ido da gaske. Ni ina ganin faranta haƙori da magani mai ƙarfi yana bukatar a fara duba baki, a kan wannan ina tare da likitoci. Amma darasin shari'ar nan ya wuce batun farin haƙori. In hukuma ta zama ƙungiyar kare 'ya'yanta, jama'a za su daina yarda da ita, ko da ranar da ta faɗi gaskiya. Ku sa mutanen gari a kujerunku, waɗanda ba su da riba a ciki. Ku sa mu ma, masu ƙira da masu jinya da masu kwalliya, domin sau da yawa ana yanke hukunci a kanmu ba kowa daga cikinmu a ɗakin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 kusan mutum biliyan uku da rabi ke fama da ciwon baki da haƙori, kuma uku cikin huɗu nasu suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki. Likitoci kaɗai ba za su iya ɗaukar wannan kaya ba. Duk aikin da wani zai iya yi lafiya bayan horo mai kyau, a horar da shi a bar shi ya yi.

Batun allurar gyaran fuska ba fagena ba ne kai tsaye, amma maƙwabcin fagena ne, kuma sau da yawa ɗaki ɗaya ake yin su, mutum ɗaya ke yi. A nan ramin ya fi zurfi, domin aikin haƙori ko banza yana da tsohuwar doka, wannan kuwa a wurare da yawa ba shi da uba. Bayan abin kunyar kamfanin PIP na Faransa, wanda aka gano a 2010 yana cika robar ƙarin nono da silikon na masana'antu, gwamnatin Birtaniya ta sa wani babban likita, Sir Bruce Keogh, ya binciki harkar gyaran jiki baki ɗaya. Rahotonsa na 2013 ya ce wanda aka yi wa gyaran da ba na tiyata ba, kariyar da yake da ita ba ta fi ta mai sayen biro ko buroshin goge baki ba. Sai a watan Oktoba na 2021 Ingila ta haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 allurar Botox mai ɗauke tamojin fuska da ta cike fata don ado, a 2022 kuma aka yi dokar da ta ba gwamnati ikon kafa tsarin lasisi. A shawarar da aka fitar a 2023 an raba ayyukan gida uku gwargwadon haɗarinsu, kore da ruwan ɗorawa da ja. Wannan rabon ya yi min, domin ya bi aikin ne ba sunan mai yi ba. Amma ku duba tazarar: shekara goma daga gargaɗi zuwa shawara, a ƙasar da ke da kuɗi da ma'aikata. Fuskoki nawa aka huda a tsakani?

Abin da ke ba ni tsoro a allurar cike fata shi ne, koyon yin ta ba wuya, kowa zai iya soka allura a leɓe. Wuyar tana ga sanin abin yi in ta ɓaci. In abin da aka zuba ya shiga jijiyar jini ya toshe ta, fatar wurin takan yi fari, ta koma shuɗi-shuɗi, in ba a yi sauri ba naman ya mutu. A kusa da hanci da tsakanin gira akwai jijiyoyin da ke haɗe da na ido, kuma an sha samun waɗanda suka makance ta haka. Akwai maganin da ke narkar da nau'in da aka fi amfani da shi, amma sai wanda ya gane alamar cikin mintuna, yake da maganin a kusa, ya kuma san yadda ake ba da shi. Haka in jikin mutum ya ƙi maganin numfashinsa ya soma sarƙewa, sai an sami allurar adirenalin nan take. Ga kuma tsabta. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton matan da suka kamu da cutar HIV bayan an yi musu gyaran fuska ta hanyar amfani da jininsu da ƙananan allurai a wani wurin kwalliya marar lasisi a jihar New Mexico. Sun je neman kyau ne kawai. Don haka tambayar da ya kamata a yi wa duk mai neman lasisi ba ita ce ko ya iya yi ba. A tambaye shi: in ta ɓaci da ƙarfe goma na dare, me za ka yi, wa za ka kira, wane asibiti ya san da kai?

Ban raina masu kwalliya ba, kuma ba na so a fahimce ni haka. Na san mata da yawa a wannan sana'a masu tsabta da amana, waɗanda in an buɗe musu hanyar karatu ta gaskiya za su bi ta da gudu. Su ma an cuce su. Sun tara kuɗinsu sun biya kwas, an ba su takarda mai hatimi an ce sun ƙware, ba wanda ya gaya musu cewa takardar ba ta da wata daraja a gaban doka. Ranar da abu ya ɓaci su ake kamawa, wanda ya sayar musu da kwas ɗin kuwa yana can yana ɗaukar sabon aji. An bar jaki ana dukan taiki. In dai aikin haramun ne ga wanda ba shi da rajista, to koyar da shi ga wanda ba zai taɓa samun rajista ba, da alkawarin zai fita ya yi wa mutane, shi ma ya zama laifi. Haka mai sayar da injin goge haƙori da maganin faranta haƙori mai ƙarfi da allurai ga duk wanda ya miƙo kuɗi. Mutum ɗaya mai kwas yana iya sakin ɗaruruwa a shekara. In kuka tsaya bin ɗaruruwan ɗaya bayan ɗaya, ba za ku taɓa gamawa ba.

Sauran abubuwan da nake roƙo ƙanana ne, ba sa bukatar sabuwar doka mai tsawo. Rajistarku ta kasance a buɗe, yadda mutum zai rubuta suna a wayarsa ya ga ko mai shirin taɓa bakinsa yana ciki, ya kuma ga abin da aka yarda ya yi da abin da ba a yarda ba, cikin harshen da yake ji. Duk haƙorin da aka ƙera ya zo da 'yar takarda mai nuna wanda ya yi shi da abin da aka yi shi da shi, kamar yadda dokar kayan aikin lafiya ta Turai ta tanada ga abin da aka ƙera wa mutum shi kaɗai, domin mai baki yana da haƙƙin sanin ƙarfen da zai kwana da shi shekaru. Kowane mai lasisi ya kasance da inshorar da za ta biya in ya yi ɓarna. Sannan a sami wuri ɗaya da wanda aka cuta zai kai kuka, ba a riƙa tura shi daga wannan ofis zuwa wancan ana cewa ba hurumimmu ba ne. Yarinyar da na ba ku labari ta yi wannan yawon. Masu kula da likitoci suka ce wanda ya yi mata ba likita ba ne, ba ya ƙarƙashinsu. Masu kula da shaguna suka ce wannan batun lafiya ne. Ta gaji ta bari, kunya ma ta hana ta ci gaba da buɗe baki a gaban baƙi.

Likitan ya gaya min ranar da aka saka mata hulunan ta daɗe tana kallon madubi, sannan ta tambaye shi ko nata da ke ƙarƙashin hulunan za su ƙara girma su cike wurin. Ya ce mata a'a.

Yaron nan nawa kuwa, na neme shi na same shi, mun yi doguwar magana. Na nuna masa hoton filastar bakin yarinyar, ya yi shiru, domin ya fi kowa sanin abin da yake gani. Ya ce min in akwai hanyar da zai yi karatu da yamma ba tare da ya bar aiki ba, kuma a ƙirga masa shekarunsa huɗu, gobe zai cire farar rigar ya dawo benci. Na ce masa zan tambaya. Shi ya sa na rubuto muku, kuma ina jiran amsar da zan kai masa.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai ƙera haƙora